Ɗan Gadin da Ban Saka Ba

Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko Umma, ko ƙawata da muke musayar littattafai. Ni ce na rufe akwatin injin ƙyanƙyasar ƙwai na Gwaggo alhali ɗan gadi ba ya ciki. Ni ce, ba Baba ba.

To, na rubuta. Na zaci in na rubuta zan ji sauƙi. Ban ji ba.

Ɗan gadi suna ne da Baba ya raɗa masa. Wani ɗan shuɗin abu ne mai faɗin maɓallin riga, da ƙafafu biyu na waya. Ana dasa shi a bakin allon da ke ɗauke da wayoyin inji, inda wuta take shigowa, bayan fiyus. Ba ya aikin komai. Sai ya shekara biyar a zaune kamar don ado aka ajiye shi. Ranar da wuta ta zo da hauka ne yake tare ta, ya janye ta ta jikinsa har fiyus ya tsinke. Shi ya ƙone, sauran kaya su tsira.

Tun da aka yi hutu nake zama a shagon Baba. Shi yana gyaran rediyo da talabijin, ni ina miƙo kaya, ina ɗaure kusoshi, in babu aiki in buɗe littafina a ƙarƙashin tebur. Injiniya yake ce mini, ni da ko baƙo ya yi sallama sai muryata ta maƙale. Baba yana da tsarinsa: kowane aiki sai ya tara duk ƙananan kayan da zai saka a cikin gwangwanin madara. In gwangwani ya koma wayam, aiki ya kammala. Shekara talatin haka yake yi.

Wata ranar Alhamis, sama da mako uku da suka wuce, yana kan allon injin Gwaggo, yayarsa, sai mai sayar da ƙanƙara ya zo a guje, firjinsa ya tsaya. Baba ya ɗauki jaka ya bi shi. Na leƙa allon, na ga kamar an gama. Na ce bari in burge shi. Na rufe murfi, na ɗaure kusoshi huɗu, na zagaye bakin da gam saboda ɗakin kajin Gwaggo akwai laima. Sai da gam ya kama na ɗaga gwangwani. Ga ɗan gadin kwance a ƙarƙashin wata 'yar takarda.

Shida saura ashirin da biyar. Mai hayar littattafai yana rufewa ƙarfe shida, kuma mako guda ke nan ina jiran kashi na biyu, don a na farko an tsaya daidai inda jarumar ta ga zoben a hannun wata. Yanke gam da sake komai zai ci rabin sa'a, ga shi ɓangaren wuta Baba ya hana ni taɓawa. Na jona injin. Lambobi suka kama, fanka ta juya, hita ya ɗauki ɗumi. Lafiya ƙalau. Na cusa ɗan gadin a tsakanin shafukan littafina.

Ina yafa mayafi Baba ya dawo. Ya ce, "A'a, na gama wannan ne?"

Na ce, "Ka gama, Baba. Rufewa kawai na yi."

Ya girgiza gwangwanin, babu ƙara. Ya yi dariya ya ce, "Ka ji tsufa ko?"

Littafin ma bai yi daɗi ba. Ashe mai zoben ƙanwar jarumin ce.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Yau mako guda cif da faruwar abin.

An ɗauke wuta da hantsi a layin su Gwaggo, aka dawo da ita da ƙarfin da ya fasa fitilu a gidaje. Gwaggo tana kasuwa. Talabijin ɗinta, wanda Baba ya sa wa ɗan gadi bara, fiyus kawai ya ci da ɗan gadin. Injin kuwa wutar ta wuce kai tsaye cikin allo, ta lalata abin da ke kashe hita in zafi ya isa. Hita ya yi ta ci har la'asar. Ƙwai ɗari huɗu, saura kwana uku su ƙyanƙyashe.

Ba zan rubuta abin da muka tarar ba. Mayafin da na sa ranar na wanke shi sau uku.

A gaban Gwaggo Baba ya yanke gam da wuƙa, ya ɗaga murfi. Ya daɗe yana kallon wurin zaman ɗan gadi. Ramuka biyu ne, tas, dalma ba ta taɓa shigarsu ba. Gwaggo ba ta san allo ba, amma ta san fuskar ƙanenta. Ta ce, "Auta, shekara talatin kana wannan aiki fa." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Ni ina tsaye riƙe da tocila.

Talata, bayan la'asar

Ban faɗa ba.

Laraba, ƙarfe biyu

Tela, maƙwabcin shagonmu, ya leƙo yau da tef a wuya kamar kullum.

"Sarkin wuta, yau shiru? Ko rediyon ma yajin aiki yake?"

Baba ya ce, "Yana hutawa."

"To ke Injiniya, yau wa aka aura a littafin? Mai jirgin sama ko mai gidan gilashi?"

Na sunkuyar da kai. Da can Baba ne yake rama mini, ya ce ai gara mai gidan gilashi da mai wandon da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Yau sai ya ci gaba da goge tebur. Tela ya tsaya kaɗan, ya sosa ƙeya, ya koma kan kekensa.

Da azahar wata mata ta kawo injin markaɗe. Ƙaramin aiki, ni kaina na ga wayar da ta saki. Baba ya juya shi, ya juya shi, ya miƙa mata ya ce ta kai wa mai gyara na bakin tasha. Ta ce, "Haba Malam, ai gurinka aka turo ni." Ya ce, "Wanda ya turo ki bai ji labari ba."

Ƙarfen liƙinsa kwana tara bai yi zafi ba. Na taɓa bakinsa da yatsa, sanyi ƙarara.

Alhamis, da safe

A littattafai in jaruma ta yi laifi sai ta yanke jiki ta faɗi, ta farka a asibiti kowa yana kuka, an yafe mata kafin ta buɗe baki. Jiya na tsaya a tsakar gida na daɗe ko jiri zai ɗebe ni. Umma ta ce in zan tsaya kamar turke gara in tsaya kusa da wanke-wanke.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Ina shanya na ji su ta taga.

Umma ta ce, "Malam, kuskure ɗaya ne fa. Wane ne ba ya yi?"

Baba ya ce, "Ba kuskuren ne ya dame ni ba. Ban tuna ba. Na zauna na bi ranar tun daga safe, ban ga lokacin da na gama allon nan ba. Babu shi a kaina ko kaɗan. Kuma gwangwani wayam, ma'ana tun farko ban ma saka shi a ciki ba. Ni, in manta ɗan gadi?"

"Gajiya ce."

"Haka muka ce da Tsoho."



Tsoho shi ne kakana. Ina ƙarama, amma na tuna. Ya fara da manta inda ya ajiye hula. Daga baya ya riƙa tambayar Baba ɗan gidan waye shi. Ranar da ya fita bai dawo ba, sai washegari aka same shi a bakin tsohuwar makarantarsu yana jiran a buga ƙararrawa.

Ni na ɗauka Baba kunyar Gwaggo yake ji. Ashe abin da yake gani ke nan.

Na shanya rigar nan a karkace, na cire, na sake shanyawa a karkace.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya

Baba ya tambaye ni.

Muna shago, babu kowa. Bai kalle ni ba, yana goge tabarau da bakin riga.

"Injiniya, ranar nan. Da na tashi bin mai ƙanƙara, na ce miki na gama?"

Wallahi na buɗe baki da niyyar gaskiya.  Sai ya ɗago, idonsa babu tabarau, ya yi mini wani irin kallo na mai jiran likita.

Na ce, "Eh, Baba."

Ya ce, "To. Allah ya yi miki albarka."

Ƙarya ta farko na yi ta ne cikin sauri. Wannan a zaune na yi ta.

Lahadi, da hantsi

Na jefar da ɗan gadin. Na kasa buɗe littafi saboda shi, duk shafin da na juya sai in ji tudunsa. Na fita zubar da ruwan wanki na sake shi a kwata. Ya ɗan juya a kan ruwan, shuɗi, sannan ya shige ƙarƙashin gada.

Yanzu babu wanda zai taɓa sani. Na maimaita wannan sau da yawa a hanyar dawowa, da murya iri-iri.

Litinin, ƙarfe uku

Ban faɗa ba. Ban ci abinci ba. Umma ta ce ko soyayya nake.

Laraba, ƙarfe shida saura

Umma ta matsa, sun je asibiti. Likita ya sa shi ƙirga baya-baya, ya zana agogo, ya maimaita kalmomi biyar. Duk ya ci. An auna ido, an ce tabarau ɗinsa ma ba sa buƙatar canji.

Umma ta dawo da fara'a, har ta tsaya ba maƙwabciya labari a ƙofa. Ni ma na ji kamar an sauke mini dutse. Na ce shi ke nan, likita ya faɗa a madadina.

Da muka zauna cin abinci Umma ta ce, "To ka ji dai. Gobe sai a kunna ƙarfe."

Baba ya ce, "Likita agogo ya gani. Ni ramuka biyu na gani."

Ya wanke hannu ya tashi.

Alhamis, bayan la'asar

Gwaggo ta zo shago. Ta zo da injin a bayan a-kori-kura, an wanke shi fes, ta sa aka sauke a ƙofa. Ta zauna a kan bencin baƙi tana haki.

"Auta, zuwa na yi ka yafe mini. Bakina ne, ka san shi tun kana goye a bayana."

"Ba ki faɗi ƙarya ba, Yaya."

"Ƙwai ne fa. Kaji ba su daina yi ba, ko ɗazu sai da wata ta yi mini a cikin takalmi. Na tara wasu. Gyara mini abina."

"Ki kai wa na bakin tasha."

"Wannan yaron da ya gyara mini fanka ta koma juyawa da baya? In kai masa ya ƙyanƙyashe mini ƙadangaru?"

Tela ya fashe da dariya daga shagonsa. Baba ma ya ɗan murmusa, na gani. Amma ya ce, "Yau ƙwai ne, Yaya. Gobe firjin maganin wani ne, ko gidan da yara ke barci. Wanda ba ya tuna abin da hannunsa ya yi bai kamata ya taɓa wutar mutane ba."

Gwaggo ta juyo gare ni. "Ke 'yar nan, ba kya magana ne? Faɗa wa ubanki lafiyarsa ƙalau."

Duk suka kalle ni. Ƙofa ce aka buɗe mini har bango. Na ce, "Lafiyarsa ƙalau," da muryar da ko ni ban ji ba.

Ta bar injin a nan. Ta ce ba za ta ɗauka ba, in ya ga dama ya yi kujera da shi.

Juma'a, da safe

Na mayar wa mai haya littattafansa duka. Ya ce an kawo sabo, mai kashi huɗu. Na ce ba na so. Ya ce, "Ke? Lafiya?" Na fito. Na kai kwanar titi na dawo na karɓi kashi na ɗaya. Yana nan a ƙarƙashin matashi, ban buɗe ba. Ban san me ya sa nake rubuta wannan ba.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Yau ya kunna ƙarfen liƙi. Da na ji ƙamshin dalma zuciyata ta yi tsalle.

Ashe ni zai koya wa. Ya jawo wani tsohon allo ya ce in matso. Ɓangaren wuta, wanda ya hana ni taɓawa tun ina shekara goma.

"Duba nan. Fiyus tukuna, sannan ɗan gadi. In kika sa shi kafin fiyus, ranar da ya kama wuta babu mai tsayar da ita. Ki gajarce masa ƙafa, doguwar ƙafa tana rage masa sauri. Kar ki manna shi da roba ko waya, ba shi fili, don in zai mutu da zafi yake mutuwa."

Na riƙe ƙarfen. Ya dafa wuyan hannuna har dalma ta kwanta.

"Kin ga wahalarsa? Duk sauran kayan in kika manta ɗaya, inji zai ƙi tashi, ya tona miki asiri nan take. Shi kuwa in babu shi komai zai yi aiki daidai. Gwaji ba ya nuna shi. Mai kaya ba zai sani ba, zai ma yi miki godiya. Ke kaɗai kika san ko kin saka."

Na ce, "Eh, Baba."

"Shi ya sa na ce ba zan iya ba kuma."

Daga nan ya kira Tela. A gabana ya ce masa ranar Juma'a zai ba shi makulli, ya fasa bangon tsakani ya faɗaɗa shagonsa, dama ya daɗe yana kukan matsi. Shi zai koma taya mijin Gwaggo zama a rumbun siminti.

Tela ya ce, "Sarkin wuta, ni fa wasa nake da na ce ina so."

Baba ya ce, "Ni ba wasa nake ba."

Mitarsa ta awon wuta, mai jan akwati, ya ce tawa ce.

Lahadi

Na ajiye mitar a ƙarƙashin gado. Ina jin ta kamar tana numfashi.

Litinin, ƙarfe goma na safe

Ina wanki na lalubi aljihun rigar Baba kafin in tsoma. Akwai takarda a ninke, rubutunsa ne, manyan baƙaƙe irin na lambar da yake manna wa kayan gyara.

Sunansa a sama. Sunan Umma, a gefe ya rubuta matata. Sunan Gwaggo, yayata. Sunana, 'yata, shekara sha shida, tana son karatu. A ƙasa kwatancen gidanmu daga bakin titi, da lambar wayar Umma, da layi ɗaya: in an tsince ni a kai ni nan.

Tana son karatu.

Na mayar da ita yadda take. Na zauna a bakin bokiti har kumfa ta mutu.

Talata, ƙarfe huɗu

Sau uku yau.

Da safe na kai masa shayi na ce, "Baba." Ya ce, "Na'am." Na ce sukari ya ji? A hanyar shago na ce, "Baba." Babur ya wuce da ƙara, na bar shi a haka. A shago yana naɗe wayoyi yana sawa a kwali na ce, "Baba, ranar nan." Ya tsaya cak. Na ce, ranar nan ka ce in tuna maka da kwalin fiyus.

Ya ciro biro ya rubuta a tafin hannunsa.

Bakina ba zai iya ba. Na san shi. Tun ina aji ɗaya in malami ya kira sunana sai in ji harshena ya zama katako.

Laraba, bayan azahar

Wasiƙa zan rubuta.

Abin dariya, na iya wasiƙa. A bayan littafin lissafina akwai guda goma sha ɗaya, duk zuwa ga wani da babu shi, dogo, mai sanyin murya, wanda ban yanke shawarar aikinsa ba tukuna. Na ɗauka wannan ma haka za ta zubo.

Ta farko na fara da hawayen da ke kwaranya a kan kumatuna. Na karanta na ji kunya, na yaga. Ta biyu shafi uku, duk bayanin yadda na sha wahala a makonnin nan. Ni, ni, ni. Na yaga. Ta uku na sa wa mai hayar littattafai laifi saboda yana rufewa da wuri.

Babu littafin da na taɓa karantawa da aka rubuta irin wannan. Su kullum wanda ake rubuta wa ne ya yi laifi.

Alhamis, ƙarfe bakwai na safe

Wani abu ya faɗo mini ina alwala, har na zubar da buta.

In bai yarda ba fa? Zai ce tausayinsa na ji. Zai ce ni da Umma muka shirya, yarinya ta ɗauki laifi don tsoho ya samu natsuwa. Zai shafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ba Tela makulli. Abu ɗaya da zai gani ya yarda, ni da hannuna na sake shi a kwata.

Alhamis, ƙarfe sha biyu

Na je na duba. Na tsuguna a bakin gada da sanda ina tonon leda da ruɓaɓɓen ganye. Mai wankin mota ya ce, "'Yan mata, zinare ya faɗi ne?" An yi ruwa sau biyu tun ranar. Babu.

Alhamis, ƙarfe biyar da rabi

Na rubuta ta huɗu. Babu hawaye a ciki, babu ado. Na bi ranar ne daki-daki yadda yake bin waya da mita, don ya gane da kansa cewa abin da yake tunawa shi ne daidai.

Na rubuta cewa rigarsa mai ruwan toka ce a jikinsa. Cewa ya gama liƙa fiyus ke nan mai ƙanƙara ya shigo yana cewa kayansa za su narke. Cewa ya ajiye ƙarfe a kan mariƙinsa, ya ce mini, kashe wannan, ina zuwa. Bai ce ya gama ba. Cewa ɗan gadin yana cikin gwangwani, a ƙarƙashin takardar da ya zana hanyar wayoyi a kanta, lambar jikinsa 471, ƙafa ɗaya ya riga ya lanƙwasa ta. Na rubuta ƙarfe nawa, da dalilin saurina, ban ɓoye littafin ba. Na rubuta ƙarya ta farko da ta biyu, da inda na jefar da shi.

A ƙarshe na ce: Baba, ba ka tuna lokacin da ka gama ba ne saboda ba ka gama ba. Kanka bai yar da komai ba.

Ban roƙi gafara da yawa ba. Layi ɗaya. Na ga kamar in na cika roƙo na sake ɗora masa wani aikin.

Shafi ɗaya da rabi. Ita ce mafi muni a duk wasiƙun da na taɓa rubutawa.

Juma'a, ƙarfe takwas saura kwata

Yau ne. Ya ce da Tela bayan azahar.

Tun asuba nake lissafin hanyoyi. In ba Umma ta ba shi. In sa a jakar kayan aikinsa in tafi gidan ƙawata in wuni. In tura ta ƙarƙashin ƙofa. Duk na gwada su a raina, kowacce akwai inda zan ɓuya a cikinta.

Na san abin da zai biyo baya. Gwaggo za ta ji, kuma bakinta na san shi. Umma za ta tuna duk daren da ta kwana tana kallon rufi. Tela ba zai ƙara tambayata wa aka aura ba. Shi kuwa Baba, ban sani ba. Watakila ya daɗe bai ce mini Injiniya ba. Watakila ya daina ɗungurum. Sati uku da kwana huɗu na bar shi yana zaton zai manta sunana, ina kai masa shayi.

Amma zai san kansa ƙalau yake. Ko bai ƙara kallona ba, zai san wannan.

Yana tsakar gida yanzu, ina jin ƙarar makullai, yana cire na shago daga cikin sauran. Umma tana ce masa ya tsaya ya karya, yana cewa ba ya jin yunwa.

A hannunsa zan sa ta. Zan tsaya a gabansa har ya kai layin ƙarshe, in ya ɗago ya tambaye ni ko gaskiya ne, da bakina zan amsa.

Ya ɗauki hularsa. Bari in tashi.